Jikata Ta Tafasa Rubutun Sha, Ubanta Ya Cire Ta Daga Makaranta

Malama Fatu, assalamu alaikum.

Don Allah ki taimake ni da shawara, saura kwana goma sha biyu a koma makaranta. Amma bari in faɗa miki tun farko, ba lallashi nake nema ba. Abin da zan yi na riga na ƙulla shi a raina. Ina so ne kawai in ji ta bakin wanda ba ɗan garinmu ba, domin a nan duk wanda na tara da maganar sai ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri, ai gidan malamai ne.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Da hannuna na yi shi, ban ba kowa ya rubuta mini ba. Shekarata sittin da takwas, manomi ne ni a wani ƙauye tsakanin Kadawa da Bunkure, tumatir da albasa da rani, shinkafa da damina. Karatun allo na yi shi ina yaro gwargwadon abin da zan yi salla, amma boko ban san ko baƙi ɗaya ba sai ina da shekara sittin da uku. Abin da ya kai ni, wata rana na fesa wa dashen tumatir maganin kashe ciyawa a maimakon maganin ƙwari, saboda robobin kamarsu ɗaya, ni kuma ba na iya karanta abin da ke jikinsu. Kwana biyu gonar ta koma kamar an sa mata wuta. A shekarar aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a firamaren garinmu bayan la'asar, na je na ba da sunana. Mu goma sha tara muka fara, mu uku muka gama.

Sunayen da zan ambata duk na canja su. 'Yata Saude tana auren Mudassiru, ɗan Malam Dalhatu, wanda shi ne mai Islamiyyar garinmu. Ni da Malam Dalhatu sa'o'in juna ne, gonakinmu ma a jere suke, ƙaramin kanal ɗaya na ban ruwa muke sha. Lokacin da na shiga aji, in ya hango ni da littafi a hammata sai ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan firamare, yau an ba ku aikin gida?" Mutanen majalisa su kwashe da dariya. Ban taɓa tanka masa ba.

Babbar 'yar Saude ita ce Rahma, shekararta goma sha ɗaya, za ta shiga aji shida. Shekarar da aka sa ta aji ɗaya, a shekarar na shiga nawa ajin. Benci ɗaya ma muka zauna a kai, ita da safe, ni da yamma. Har yau ba ta ce mini Kaka sai a gaban mutane, in mu biyu ne "ɗan ajinmu" take ce mini, ni kuma in ce mata Likita. A Islamiyya ma ba ta da na biyu, ta wuce izu goma sha biyu, kuma ba ta taɓa bari an tashe ta sallar asuba sau biyu ba. Na faɗi wannan ne don kada ki ɗauka wata fitsararriya ce.

A zangon da ya wuce malamansu suka kai su ziyara tashar binciken noma da ke kusa da mu. A can wani ma'aikaci ya ɗebo ruwan kanal, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin likita, ya ce su leƙa ɗaya bayan ɗaya. Da ta dawo ko takalmi ba ta cire ba ta zo gidana, tana haki, ta ce ɗan ajinmu, wallahi akwai gari guda a cikin ɗigon ruwa, masu rai, suna iyo, suna karo da juna. Na ce Likita, ban da ƙari. Ta nace sai da na ɗauke ta a babur muka koma, na roƙi mutumin, ya bar ni na sa idona. Malama, shekara hamsin ina tsaye cikin ruwan nan, na yi alwala da shi, na kurkure baki da shi, na sha da tafin hannu ranar da zafi ya yi zafi. Da na ga abin da ke ciki sai na ji bakina yana ta subhanallahi shi kaɗai. Mutumin ya ce ba dukkansu ne masu cutarwa ba, amma akwai waɗanda ke sa gudawa da zazzaɓi, kuma tafasa ruwa tana kashe su. Rahma ta riƙe wannan maganar.

To ga abin da ya faru. Sati uku da suka wuce ƙanwarta Sa'adiyya, 'yar shekara biyu, ta kamu da gudawa. Uwarta ta kai ta asibitin sha-ka-tafi, aka ba ta ruwan gishiri da sukari da wasu ƙwayoyi. Malam Dalhatu kuma ya yi mata rubutun sha, kamar yadda yake yi wa duk jikokinsa, da jikokin rabin garin. Shi Malam al'adarsa ba ya wanke allo da ruwan randa, sai ruwa mai gudu, yana cewa ya fi tsarki. Kanal kuwa a bayan gidansa ya bi. Da kansa ya ɗebo a buta, ya wanke allon a kwano, ya miƙa wa Rahma ya ce ta kai wa uwarta a ba yarinya.

Rahma ta ga inda aka ɗebo ruwan. Ta san ba a mayar wa kaka magana. Ta shiga da kwanon, ta wuce ɗakin uwarta, ta je madafa, ta juye rubutun a ƙaramar tukunya, ta ɗora a murhu. Nufinta ya tafasa, ya huce, sannan a ba yarinya. Sai wutar ta yi yawa, rubutun ya taso ya zubo, ya sauka a kan garwashi yana cuu. Daidai nan matar Malam ta shigo, ta ga baƙin ruwa yana kumfa a tukunya, ta tambaya mene ne. Da ta ji, sai ta ɗora hannu a ka ta fasa salati, wai an dafa ayar Allah, an zuba ta a wuta.

Kafin azahar gari ya ɗauka. A bakin rijiya ana cewa 'yar boko ta ƙona Alƙur'ani. A gonakin shinkafa ana cewa ta ce rubutun Malam ƙazanta ne. Ba ta faɗa ba! Aka tsayar da ita a zaure gaban kakanta da ubanta, aka tambaye ta ko tana shakkar cewa akwai waraka a cikin maganar Allah. Ta ce ba ta shakka. Aka ce to me ya kai ta? Saude tana bayan ƙofa tana ji, ita ta faɗa mini. Wai yarinyar ta ce, "Malam, ayar ba ta da komai, ruwan ne ke da ƙwayoyi. Kuma na ga Allahn da ya halicci ƙwayoyin shi ya halicci wutar." Malam Dalhatu ya ce ruwan da kamanninsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canja ba mai tsarki ne, haka yake a littattafai tun kafin a haifi malamin da ya nuna mata madubi. Ta ce ta sani, an karantar da su, ya halatta a yi alwala da shi, amma Sa'adiyya ba alwala za ta yi ba, sha za ta yi. Nan ubanta ya daka mata tsawa.

Washegari Mudassiru ya yanke hukunci. Rahma ta gama boko. Islamiyya kawai, safe da yamma. Ya kwashe littattafanta ya kulle a akwati. Ya ce abin da ya koya wa yarinya ta yi musu da mahaifinsa a zaurensa, in aka bar shi gobe salla zai koya mata ta bari.

Ni kuwa, Malama, Allah ya sani, tun da Saude ta ba ni labarin nan ban iya zama wuri ɗaya ba don murna. Ina ban ruwa ina dariya ni kaɗai, har wani maƙwabcin gonata ya tambaya ko lafiya. Ki duba fa. Ni na ƙona gona guda saboda ban iya karanta roba ba. Ubana ya binne 'ya'ya huɗu da ciwon ciki, ana cewa iskokin rafi ne. Yau daga tsatsona an sami yarinyar da ta ga abu, ta gane shi, ta yi aiki da shi don ta tsare ƙanwarta, kuma ta tsaya gaban manya ta ba da amsar da ni mai furfura ba zan iya haɗa ta ba. In wannan laifi ne, to a rubuta shi da sunana, ni na kai ta ta sake leƙa madubin. Sa'adiyya kuma ta warke sarai. Su suna cewa albarkar rubutu na biyu ne da Malam ya sake yi, ni na ce da an ba ta na farko ɗanye da yanzu wata maganar ake.

Kuma ina da tambaya ga Malam Dalhatu, wadda kunyar surukuta ta hana ni yi masa. Shekarar da tsutsar tumatir ta cinye yankin nan, an yi saukar Alƙur'ani a masallaci, ni ma na je. Amma da aka tashi, wa na gani da injin feshi a bayansa tun hantsi? Shi. Ƙwan tsutsar ya taɓa ganinsa da idonsa? Malamin gona ne ya gaya masa, ya yarda. Takin zamani da yake zubawa, ya san abin da ke cikinsa? Ashe in tumatirinsa ne, addu'a da feshi ba sa faɗa, sai a kan cikin jikarsa za su yi faɗa?

Ga abin da na shirya. Na ba tela ɗinkin sababbin kayan makaranta, har ya gama. Na yi magana da shugaban wata firamare ta wajen Bunkure, ya ce in kawo ta. Ranar Asabar ta sama zan je da babur in ce zan kai Rahma ta gaida kakarta, matata, wai ba ta jin daɗi, in kawo ta gidana, ba kuma za ta koma ba sai ta rubuta jarrabawar fita firamare. In Mudassiru yana da ƙarfin hali ya zo ƙofar gidana ya karɓe ta. Na san za a ce 'ya'ya na uba ne, kakan wajen uwa ba shi da ta cewa. Na ji. Su kai ni gaban mai gari, zan je da ƙafata. Saude ta zo ta yi ta kuka, tana cewa Baba ka rufa mini asiri, aurena za ka kashe, shekara goma sha uku ban taɓa yaji ba. Na ce mata ita ma da na san abin da na sani yau da ban cire ta daga aji huɗu ba. Ba zan yi kuskuren nan sau biyu ba.

Saura abu ɗaya, wanda ban gaya wa kowa ba, shi ne ma gaskiyar abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya an aiko Rahma ta kawo mini abinci gona. Ta zauna a kan kunya tana wasa da ƙasa, can ta ce, "Ɗan ajinmu, da ban yarda da ƙwayoyi ba sai da na gani. To mala'ikun da ke kafaɗata, da wane madubi ake ganinsu?" Ba da raini ta yi tambayar ba, so take ta sani. Na ce mata ta tashi rana na yi. Tun ranar, in na idar da salla sai abin ya dawo mini. Ban fasa abin da zan yi ba, kada ki ɗauka na fasa. Amma in na ɗauko ta ta dawo hannuna, ni ne zan riƙa amsa irin wannan, karatuna kuma bai kai nan ba, na allo ko na boko. Ba na so in tsaya gaban Allah a ce ni na buɗe mata ƙofar da ta fita ba ta dawo ba.

Me zan ce mata? Kuma ta yaya zan ɗauko ta ba tare da na rusa ɗakin uwarta ba?

Naku,
Ɗan Ajin Yamma, daga yankin Kadawa.

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba.

Barka da wannan jika, kuma barka da wannan wasiƙa da ka rubuta da hannunka. Ka yi murnarka, ta cancanta. Yarinyar da ta ga haɗari ta tsare ƙanwarta, ba ta zubar da rubutun ba, ba ta ɓoye shi ba, ta nemi hanyar da za a sha shi lafiya, wannan ba mai raina addini ba ce. Mai raina shi bayan ɗaki za ta zaga ta tuttular.

Amma ranar Asabar ka bar babur ɗinka a inda yake. Shirin nan naka da ƙarya zai fara, ƙaryar ciwon kakarta, kuma Rahma za ta gane tun kafin ku kai titi. Bayan haka Mudassiru zai zo, ko ya aiko, mai gari kuma zai ba shi 'yarsa, kai ma ka san haka. Za ta koma gidan da aka riga aka yi fushi da ita, an ƙara da fushin abin da kakanta ya yi, ƙofar boko kuma a rufe ta har da sakata. Saude ce za ta kwana a tsakanin ubanta da mijinta. Kana so ka biya ta bashin aji huɗu, kada ka biya da aurenta.

Zan faɗa maka wata magana, ka yi haƙuri da ita. A wasiƙarka na ji muryar kakan Rahma, na kuma ji muryar mutumin da aka ce wa ɗan firamare a gaban majalisa, ya haɗiye shekara biyar. An yi maka ba daidai ba. Amma kada ka ɗora wa yarinya 'yar shekara sha ɗaya ramuwarka. In ta zama sandar da kake dukan Malam Dalhatu da ita, ita ce za ta karye.

Ka duba abin ta wajensu kuma. Mutanen da suka tashi ba sa barin ɗigon rubutu ya taɓa ƙasa, sun shigo sun gan shi yana zuba cikin garwashi. Dole hankalinsu ya tashi. Ni ba mai fatawa ba ce, ba zan ce maka ga hukuncin tafasa rubutu ba. Abin da na sani, Rahma ta yi daidai a niyya, ta yi kuskure a tsari. Ruwan ake tafasawa tun farko, ya huce, sannan a wanke allo da shi. Da haka aka yi, da babu wanda ya ji ko ƙyas. Maganar Malam a kan tsarkin ruwa gaskiya ce a babinta, maganar Rahma ma gaskiya ce a nata. Shi yana amsa tambayar ko ya halatta a yi ibada da ruwan, ita tana amsa ko cikin jaririya zai ɗauke shi. Batun wa ya warkar da Sa'adiyya kuwa, ku bar shi, Allah ne ya ba ta lafiya, an kuma bi sababi ta kowane ɓangare. Abin da ya fi wannan gardama amfani shi ne a binciki ruwan da ake sha a gidan, domin wani abu ne ya sa mata gudawar tun farko. Kai ma da kake yini tsaye a kanal, ka je a duba ka, tsargiya ta fata take shiga, ba sai an sha ba.

Yanzu tambayar da ta hana ka sukuni. Na yi shekara ashirin da shida ina koyar da 'yan firamare, a Kano da kudancin Kaduna, 'ya'yan Musulmi da 'ya'yan Kirista. Kusan duk yaro mai kaifin hankali yana yin irin wannan tambaya wajen shekara goma, kowa da kalmomin gidansu. Masu nazarin tarbiyya ma sun bincika a ƙasashe daban-daban, na masu addini da na waɗanda addini bai dame su ba. Abin da suka gani shi ne, yawancin abubuwan da ido ba ya gani, ƙwayar cuta ce ko mala'ika, yaro daga bakin manyan da ya amince da su yake karɓarsu. Yana kuma lura da yadda suke faɗa, da ko suna aiki da abin da suka faɗa. Yaron da manyansa suka riƙe ilmi da imani ba tare da tashin hankali ba, shi ma haka yake riƙe su. Wanda aka nuna wa cewa dole ya ajiye ɗaya kafin ya ɗauki ɗaya, shi ne yake shiga ruɗu. Ka ga ke nan abin da Mudassiru yake tsoro, hukuncinsa ne zai iya jawo shi. Naka shirin ma haka. Shi yana ce mata imani yana nan gidan, ilmi yana waje. Kai za ka ce mata ilmi yana gidanka, ta baro malamai. Darasi ɗaya ne kuke koya mata.

Ka koma wa Rahma da tambayarta, kada ta ɗauka ta yi saɓo. Ka ce mata ranar ba ka da amsa, yanzu ka yi tunani. Ka tambaye ta, kafin ta leƙa madubin, ƙwayoyin suna cikin ruwan ko ba sa ciki? Za ta ce suna ciki. To rashin gani bai taɓa zama rashin samuwa ba, ita da kanta ta shaida. Sannan ka gaya mata gaskiya, kada ka yi mata alkawarin wani madubi. Ƙwayoyi halittu ne irin namu, ƙanƙanta ce kawai ta ɓoye su, shi ya sa gilashi ke tono su. Mala'iku na gaibu ne, ba ƙanƙanta ce ta ɓoye su ba, babu na'urar da aka yi domin su, saninsu ta hanyar saƙon da Allah ya aiko ne, shi ya sa ake kiran yarda da su imani. Hanyoyin sani biyu ne, kowace da ƙofarta. In ta tambayi abin da ya fi ƙarfinka, ka ce ban sani ba, mu je mu tambaya. Wanda ya shiga aji yana da shekara sittin da uku ya fi kowa iya wannan kalma, kuma ita ce mafi tsadar abin da za ka koya mata.

Wanda za ku tambaya kuwa shi ne Malam Dalhatu. Kada ka bi ta kan Mudassiru, shi mutuncin mahaifinsa yake karewa, ba zai sauko ba sai mahaifin ya sauko. Ka je wurin Malam kai kaɗai, ba a majalisa ba. Maganar injin feshi ka bar ta a gona, gaskiya ce, amma ranar ba ranar cin gardama ba ce. Ka ce ka zo ba da haƙuri a kan rubutun da ya zuba a wuta, Rahma ma ta ba shi haƙuri a kan wannan, wannan kaɗai. Ka gaya masa tambayar da ta yi maka, ka ce ta fi ƙarfinka, shi ne malami. Ka ce masa yarinya mai irin wannan kai, in ba ta sami amsa a zaurensa ba, wata rana a waya za ta nema, wurin wanda bai san darajarta ba. Sannan ka roƙe shi ya sa baki ta gama aji shida, tana zuwa Islamiyya kamar kullum, shi da kansa yana bibiyar abin da ake koya mata. In ya ƙi, ka nemi limamin Juma'a ko wani malamin da yake jin nauyinsa, da shugaban makarantarsu. In kwana goma sha biyun sun cika ba a gama ba, kada ka fasa, makara ta sati biyu ba ta kai rasa shekara ba. Kayan da ka ɗinka ka ba Saude ta ajiye, ranar da za a koma ubanta ne ya kamata ya miƙa mata su.

Abu na ƙarshe. Ranar da za ka je, ka tafi da buta cike da ruwan da aka tafasa ya huce. Ka ce wa Malam kana so ya yi maka rubutu, da gaske, ai kana da bukatarsa, zuciyarka ba a kwance take ba. Ka roƙe shi a wanke da ruwan da ka kawo, a kira Rahma ta riƙe kwanon. Allon na kakanta na wajen uba, ruwan na kakanta na wajen uwa. Ka yi bisimilla ka shanye a gabanta.

Allah ya raya Rahma da Sa'adiyya, ya zaunar da Saude lafiya a ɗakinta, ya daidaita tsakaninka da surukanka. Kai kuma, ɗan ajinsu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, har ka ga ranar da sunan da kake kiran ta da shi zai tabbata.

Malama Fatu.